Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙasa Da Hukumomin Ƙidaya Da Ƙididdiga: A Sa Mana Ranar Ƙidaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Shugaban Ƙasa, ranka ya daɗe. Shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da Shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da 'yan Majalisar Tarayya, Allah ya taimake ku. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya yi riƙo da hannunku a kan nauyin da ya ɗora muku.

Ni ma'aikacin ajiye bayanai ne a sashen kiwon lafiya matakin farko na wata ƙaramar hukuma a Arewa. Aikina shi ne duk ƙarshen wata in tattara rajistocin ƙananan asibitoci, na awon ciki da na haihuwa da na rigakafi, in haɗa lissafi in shigar da shi kwamfuta ya tafi jiha, daga nan ya wuce Abuja. Ina magana ne da yawun ire-irena da ke zaune a can ƙasan tsani: masu cike rajista a ɗakunan shan magani, da hedimastocin da ake turo wa fom ɗin ƙidayar makarantu, da masu rajistar haihuwa. Daga hannunmu lambobin ƙasar nan suke fitowa, kuma mu ne farkon waɗanda ake tuhuma idan lissafi ya ƙi daidaita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙidayar jama'a da gidaje. Rabon da a ƙirga 'yan Nijeriya tun watan Maris na 2006, inda aka samu mutum 140,431,790. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a kai ita ce a ƙirga duk bayan shekara goma, wato kamata ya yi a yi a 2016. Ba a yi ba. Aka shata yankunan ƙidaya, aka yi ta gwaji a 2022, aka sayo na'urori, aka sa ranar 3 zuwa 7 ga Mayun 2023. Saura 'yan kwanaki gwamnatin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta ɗage, ta ce gwamnati mai shigowa ce za ta sa rana. Hukumar Ƙidaya da kanta ta ce shirye-shiryen sun ci kimanin naira biliyan 200. A 2025 mun ji an kafa kwamiti, amma mu da ke ƙasa rana muke jira. Jaririn da aka haifa a makon ƙidayar 2006 ya isa yin zaɓe tun 2024, wasu cikinsu har sun yi aure sun haihu, kuma 'ya'yansu ne ake kawo mana rigakafi yanzu.

Bari in fara da inda na fi sani, domin a nan ne nake ganin ɓarnar kowane wata.

Kowace mazaɓa tana da adadin yaran da ake so a yi wa rigakafi a shekara. Ba ƙirga su aka yi ba, lissafa su ake yi. Ana ɗaukar adadin mutanen 2006, a riƙa ɗora masa ƙarin kusan kashi 3 cikin 100 duk shekara, sai a ce kashi 4 cikin 100 na abin da ya fito jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 5 mata masu ciki. Da wannan ake auna yawan allurar da za a aiko, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro na damina, kuma da shi ake auna ƙoƙarin ma'aikaci. Dabara ce mai kyau idan shekara uku ko biyar ce tsakani kuma mutane suna zaune inda aka bar su. To, amma wa ya zauna inda aka bar shi? Tun 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutum sama da miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas, Maiduguri ta cika ta batse. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. Gonakin da ke gefen manyan birane sun zama unguwanni. Lissafin 2006 bai san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

A ƙaramar hukumar da nake aiki akwai wani ɗakin shan magani a bakin gari, inda masu gudun hijira suka sauka. Tun kafin watan Satumba ma'aikaciyar wurin take wuce adadin da aka yanka mata na shekara, rahotonta ya haura kashi 100, alluranta kuma su ƙare kafin wata ya raba. Akwai wani kuma a ƙauyen da rabin mutanensa suka watse, wanda duk yadda ma'aikacin ya yi yawo gida-gida ba ya kaiwa rabin adadinsa. Na zauna a taron bita inda aka zargi ta farkon da ƙara lamba, aka zargi na biyun da lalaci, alhali duka biyun gaskiya suka rubuta. Ranar na ga uwa ta juya da jariri a baya daga asibitin farko saboda babu allura, a daidai lokacin da ake mayar da wadda ba a taɓa ba daga na biyun.

Ba zan ɓoye muku ba, irin wannan matsin ne yake koya wa ma'aikaci ƙarya. Idan mutum ya ga za a ci mutuncinsa a bainar jama'a a kan yaran da babu su, wata rana zai cike gurbin da biro. Ƙasar nan ta riga ta ga sakamakon haka. Shekaru da dama rahotannin ofis suna nuna kamar an kusa gama wa kowane yaro rigakafi, sai binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 kacal ne suka samu zagaye na uku na allurar nan mai kare cututtuka biyar. Abin da ya sa ke nan aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara a 2017. Laifin ma'aikata yana ciki, ban wanke mu ba, amma wanda aka ba ma'auni karkatacce ba zai taɓa auna daidai ba.

Kuka na biyu shi ne haihuwa da mutuwa. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistarsu, kuma Hukumar Ƙidaya ce aka ɗora wa aikin. Binciken 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. An samu ci gaba, kuma mun yi murna da tsarin rajista ta na'ura da aka ƙaddamar a watan Nuwamban 2023. Sai dai mai rajista ɗaya yakan riƙe mazaɓu da yawa, ba babur, ba kuɗin mai, ba sabis ɗin waya a rabin wuraren. Yawancin matan karkara a gida suke haihuwa. Yaron da ba shi da takarda, ranar da zai shiga makaranta ko ya nemi lambar ɗan ƙasa sai a je kotu a yi rantsuwar shekaru, a ƙirƙiro masa ranar haihuwa.

Mutuwa kuwa ta fi muni, domin kusan ba a rubuta ta sai wadda ta faru a babban asibiti. Na san wata baiwar Allah da ta zo awo sau uku, sunanta yana cikin rajistarmu. Naƙuda ta kama ta da dare, jini ya ɓalle, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Aka yi mata sutura da safe. A takardunmu har yau tana nan a matsayin wadda ta daina zuwa awo. Allah ya jiƙan ta. Irinta nawa ne? Shi ya sa idan aka tambayi yawan matan da ke mutuwa wajen haihuwa a Nijeriya amsa biyu ake samu: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce 512 cikin kowace haihuwa 100,000, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce 1,047. Ɗaya ya ninka ɗaya. Ba wai wani ya yi ƙarya ba ne, hanyoyin lissafin ne suka bambanta, kuma dukansu ƙiyasi ne saboda babu rajistar da za a buɗe a ƙirga. Kwamishinan lafiyar da zai tsara yawan ungozoma da jinin ajiya, da wanne zai yi aiki?

A ɓangaren ilimi ma haka abin yake. An daɗe ana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta. A 2022 UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ambaci miliyan 18.5, UNESCO, hukumar ilimi ta majalisar, ta ce kimanin miliyan 20. Wani ɓangare na saɓanin daga shekarun yaran da kowa ya ɗauka ne, wasu firamare suke nufi, wasu har sakandare. Amma dukansu daga tushe guda suke ɗiba, wato hasashen yawan yaran da aka gina a kan 2006. Hedimastoci abokaina suna gaya mini ana aiko musu littattafai da kujeru a kan lambar da ba ta yi kama da abin da ke cikin aji ba. Almajirai da yaran makiyaya kuwa, kowane rahoto da yadda yake ɗaukarsu.

Yanzu ga Hukumar Ƙididdiga. Yallaɓai, ina cikin masu kare ku idan ana zaginku, domin na san wahalar aikin tattara bayanai da kuɗi kaɗan. Rahotonku na 2022 da ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, aiki ne na ƙwarai kuma bai yi wa kowa kwalliya ba. Ƙorafina a kan yadda kuke sauya ma'auni ne ba tare da kun sauko kun yi wa jama'a bayani ba.

Kun ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. Aka yi shiru na wani lokaci, sai a 2023 kuka fito da kashi 4.1. Ni na san dalili: a da wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne, yanzu kuma an koma ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ko awa ɗaya mutum ya yi don samun kuɗi a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Ma'auni ne da ƙasashe da yawa suke amfani da shi, ba ku ne kuka ƙirƙira ba. To, amma matashin da ya gama digiri shekara biyar yana ɗan buga-buga, da ya ji a rediyo an ce kashi 4, me kuke zaton zai ce? Haka aka yi da hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disamban 2024, sai kashi 24.48 a Janairun 2025, saboda an sauya shekarar tushe, wato shekarar da ake kwatanta farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024 an kuma sabunta jerin kayan da ake aunawa. Sabuntawar ta zama dole, har ma ta makara. Amma ba wanda ya tsaya ya fahimtar da magidanci cewa saukar lambar ba tana nufin kaya sun yi sauƙi ba ne, tana nufin gudun tashinsu ne aka auna da sabon sikeli. Tun 2014 muka ga irin wannan, lokacin da aka sake lissafin tattalin arziki ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510 a dare ɗaya, Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Lissafin ya fi na baya gaskiya, domin na bayan a kan 1990 aka gina shi, lokacin da babu wayar salula. Jama'a dai abin da suka ɗauka shi ne gwamnati tana wasa da lamba.

Wannan rashin yardar a kanmu take sauka. Idan muka shiga gida da fom, tambayar farko ita ce me aka yi da wanda aka cike bara. Na sha tsayawa a ƙofar gida maigida ya ce ba zai faɗi yawan 'ya'yansa ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Kakanninsa sun san ƙirga ne a matsayin share fagen haraji da jangali, shi kuma bai taɓa ganin an ƙirga shi wani abu ya biyo baya ba.

Mai Girma Shugaban Ƙasa, na san abin da ke sa kowace gwamnati take jin nauyin wannan aiki. Ƙidaya a Nijeriya ba ta taɓa rabuwa da rigima ba. Ta 1962 an soke ta. Ta 1963 da ta ba da miliyan 55.6 har kotu aka je a kanta. Ta 1973 da ta ba da kusan miliyan 80, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9. A 2006 da aka ce Kano tana da miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa ta fito da nata lissafin na sama da miliyan 17. Dalilin duk wannan a fili yake: yawan jama'a yana da kashi 30 cikin 100 a ma'aunin raba kuɗin tarayya tsakanin jihohi, kuma da shi tsarin mulki ya ce a shata kujeru 360 na Majalisar Wakilai. Mazaɓun da muke zaɓe a kansu yau tun kafin 1999 aka yanka su. Duk wanda ya ci ribar tsohon lissafi ba zai yi ɗokin sabo ba, ko a Arewa yake ko a Kudu. Amma jinkirin bai kashe rigimar ba, ajiye ta kawai ya yi tana girma, kuma kullum kuɗin aikin ƙaruwa yake yi, na'urorin da aka saya suna tsufa a ɗakin ajiya, taswirar da aka shata tana zama tsohuwa. Kenya ta ƙirga mutanenta a 2019, Ghana ta yi a 2021 da na'ura ta fitar da sakamakon farko cikin 'yan watanni. Su ma suna da siyasa da ƙabilu.

Saboda haka, da girmamawa, ga abin da muke roƙo.

Ranka ya daɗe, ka sa ranar ƙidaya ka sanar da ita da bakinka, a ware kuɗinta cikin kasafi a kuma sake su a kan lokaci. A nisanta ta da lokacin zaɓe, domin kusancin nan ne ya taimaka wajen kashe ta 2023, a kuma kauce wa tsakiyar damina da manoma ke gona hanyoyi suka yanke.

'Yan majalisa, tsarin mulki ya ce a riƙa ƙirga jama'a lokaci-lokaci, bai faɗi shekara ba, kuma ta wannan ƙofar ake zillewa. Ku yi dokar da za ta ɗaure ƙidaya da shekara goma-goma, da wata sananne, yadda ba sai an jira ra'ayin wanda ke kan mulki ba. Ku kuma ba Hukumar Ƙididdiga kuɗin kanta da kariyar da shugabanta zai fitar da lamba mai ɗaci ba tare da fargabar kujerarsa ba.

Hukumar Ƙidaya, ku faɗa wa 'yan ƙasa dalla-dalla yadda aka kashe kuɗin shirin 2023 da halin da kayan suke ciki. Ku gaya mana tun yanzu yadda za a ƙirga 'yan gudun hijira, da makiyaya, da almajirai, da mazauna wuraren da ma'aikaci ba zai iya shiga ba, kuma duk inda aka yi ƙiyasi maimakon ƙirga a rubuta cewa ƙiyasi ne. A ɗauki mata da yawa cikin masu ƙidaya, domin akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, kuma a ciki yaran suke. A biya ma'aikatan wucin gadi haƙƙinsu a kan kari. Sakamako kuma a fitar da shi har zuwa matakin mazaɓa, ba jiha da ƙaramar hukuma kawai ba, domin a mazaɓa muke aiki.

Rajistar haihuwa da mutuwa ba sai ta jira ƙidaya ba. A ba kowane asibitin matakin farko ikon yin rajistar jariri ranar da aka kawo shi allurar farko. A sa masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci cikin tsarin, domin babu suna ko jana'izar da ake yi ba su sani ba, a ba su littafi da ɗan abin tafiya, wani ya riƙa zuwa yana karɓa duk wata.

Hukumar Ƙididdiga, duk ranar da kuka sauya ma'auni ku fitar da tsohon lissafi da sabo gefe da gefe na aƙalla shekara guda. Ku fassara taƙaitaccen kowane babban rahoto zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunan da jama'a ke ji, ku turo ma'aikatanku gidajen rediyo su amsa tambayoyin masu sauraro kai tsaye.

Na ƙarshe kuma namu ne na ƙasa. Kafin a yi ƙidayar, a umarci hukumomin lafiya da na ilimi na jihohi su yarda da ƙirgar gida-gida da ma'aikatan mazaɓa suka yi tare da masu unguwanni wajen yanka adadin rigakafi da rabon kaya, a daina hukunta ma'aikaci a kan lambar 2006. Ma'aikaciyar can ta bakin gari tana da jerin sunayen jariran unguwarta a littafi, gida-gida, kuma a shirye take ta nuna wa duk wanda aka turo.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naku da girmamawa,
Ma'aikacin ajiye bayanan lafiya a matakin farko, a madadin abokan aikinsa